Baƙon Iri: Daga Gonakin Ruwan Bore zuwa Duniyar Mars

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana tsaron gonarsa kusa da dutsen Zagami, a ƙasar Faskari ta lardin Katsina na wancan lokaci, sai ya ji wata ƙara kamar faɗuwar aradu. Iska ta buge shi, ƙura ta turnuƙe, wani abu ya daki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da hankalinsa ya komo ya matsa, sai ga rami mai zurfin kamu guda da ɗoriya, a cikinsa kuma baƙin dutse mai nauyin kilo 18. Aka ɗauke dutsen aka kai Kaduna, ofishin binciken ma'adinai. Sai bayan shekaru masu yawa masana suka tabbatar da asalinsa: iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a duniyar Mars a 1976. Ashe ɓallin Mars ne, wadda malamanmu na ilimin taurari ke kira Mirrihu. Wani gagarumin karo ne ya fizge shi daga can kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce, ya yi ta gararamba a sarari har ya sauka a gonar Bakatsine.

Faskari maƙwabciyar Tsafe ce. Daga Zagami zuwa Ruwan Bore, a ƙaramar hukumar Gusau, ba wata doguwar tafiya ba ce.

Irin wannan dutse ya ƙara wa wata tsohuwar tambaya ƙarfi. Idan dutse na iya tsallakowa daga wata duniya zuwa wata, shin ƙwayar halitta ba za ta iya laɓewa a cikinsa ta yi tafiyar ba? A 1973 Francis Crick, wanda ya ci kyautar Nobel kan gano fasalin ƙwayar gado, shi da abokin aikinsa Leslie Orgel, suka rubuta cewa mai yiwuwa da gangan wasu masu hankali suka aiko da ƙwayoyin rai zuwa wannan duniya. Zato ne kawai, ba su kawo hujja ba. Amma wasu suka juya zancen. Wani masanin sinadarai, Michael Mautner, ya shafe shekaru yana cewa wajibi ne ɗan Adam ya cika ƙananan kumbuna da ƙwayoyin halitta ya watsa su zuwa duniyoyin da ba su da rai, domin kada rai ya ƙare ranar da wannan duniya ta ƙare. Yau, da kumbo ya zama abin da attajiri ɗaya ke iya harbawa, maganar ta bar shafin littafi.

Manomin Ruwan Bore bai halarci taron masana ba, amma gonarsa ta san amsar wani ɓangare na tambayar, domin an sha kawo mata baƙon iri.

A shiga gonakin da ke tsakanin Ruwan Bore da Mada da Wonaka a watan Agusta, a ƙirga 'yan gida. Gero ɗan gida ne, a nan yankin Sahel aka fara nomansa fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Dawa da wake da kuɓewa ma na Afirka ne. Sauran fa? Masara, gyaɗa, rogo, dankali, barkono, tumatir, taba da gwanda duk daga nahiyar Amurka suka fito, babu ɗayansu da ya iso Afirka kafin 1492. Sunan masara ma yana nuna hanyar da mutanenmu suka ga ta biyo, wato ta Masar. Mangwaro na Indiya ne. Waken suya, wanda yanzu ake loda buhunansa a kasuwannin Tsafe da Gusau, na gabashin Asiya ne. Wanda ya ci tuwon masara da dare, ya tauna ƙuli-ƙuli da yaji da rana, baƙi ne suka ciyar da shi.

Hausawa na yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, saboda ba wanda ya ga mai dasa ta a kan ruwa. Waɗannan kuwa dashen mutum ne, kuma yadda yawancinsu suka shigo shi ne abin lura. Fatake da alhazai ne ke zuwa da iri a ƙulle a bakin rawani ko a ƙasan jaka. Manomi ya karɓi ɗan tafi guda, ya zuba a kunya biyu ko uku a bayan gida, inda idonsa ke kai. In ya ga alheri ya ware zangarniya mafi kyau ya rataye, maƙwabci ya roƙa, a ba shi. In bai ga alheri ba, magana ta mutu a nan. Kowane iri sai da ya nemi izini gona bayan gona, kuma kowane manomi yana da ikon ya ce a'a.

Da auduga ne aka fara karya wannan tsari.

Ƙasar Hausa ba ta jira Bature ba kafin ta san auduga. Tun ƙarnoni ana nomanta a Zamfara da kudancin Katsina da Zazzau, jakuna na kai ta Kano. Mata su gurje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe su fitar da gurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta a mazari, zare ya tafi wurin masaƙa, saƙi ya tafi marina. Kuɗin kaɗi ne ke saya wa 'ya mace kayan ɗaki. Turkuɗi da saƙin ƙasar nan har Agadas da Tumbutu ake kai su. Irin da ake shukawa gajeren gashi gare shi, amma ya san ƙasar, ya san fari, ya kuma dace da hannun mai kaɗi.

Masaƙun Lankasha a Ingila kuwa dogon gashi injinansu ke so. A 1902 attajiran Manchester suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, wadda aka fi sani da BCGA, domin su rage dogaro da audugar Amurka. Suka ɗora ido a kan Arewacin Najeriya, suka yi ta lissafin dilolin da za a samu idan jirgin ƙasa ya iso. Jirgi ya isa Kano, sai manoma suka ba su mamaki: a 1912 suka rungumi gyaɗa, domin ta fi kuɗi kuma ana ci in kasuwa ta faɗi. Audugar da aka noma ma, masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja.

A daidai wannan lokaci aka shigo da wani irin auduga na Amurka mai suna Allen, aka gwada shi a ƙasar Zazzau. Ya karɓi ƙasa. Daga nan hukuma ta shiga. Aka riƙa raba gurya kyauta ta hannun hakimai da dagatai, aka yi dokokin En'e da suka hana shuka audugar gida a yankunan da aka keɓe don kada ta gauraya da baƙuwar, aka wajabta tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka, aka buɗe fuloti inda malamin auduga zai duba kaya ya yanke masa daraja. Haraji kuma da kuɗin Bature ake biya, saboda haka ko mutum bai so ba sai ya nemi abin da zai kai fuloti. A tsakiyar shekarun 1920 aka buɗe gonar ninka iri a Daudawa, a ƙasar Faskarin nan da dutsen Mars zai faɗo daga baya. Layin dogo ya tashi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Aka kafa injin gurza a Gusau. Daga baya masu bincike a Samaru suka tace Allen suka fitar da irin da suka kira Samaru 26C da 26J.

Adalci shi ne a faɗi alherin da aka samu. Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta zama babbar cibiyar ciniki da auduga da gyaɗa da jirgi. Kantunan Turawa da na Kwarori suka cika ta, mutane suka zo daga kudu da arewa neman abinci. A shekarun 1960 aka gina masaƙar zamani a garin, dubban iyalai suka ci abinci a cikinta. Dattawan Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe har yanzu suna tuna kakar auduga a matsayin lokacin aure da sayen keke da rufin kwano.

Amma a duba abin da ya rage. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Tsarin rabon iri ya lalace, gurya ta gauraye, masaƙun Arewa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta Gusau ma ta bi sahu. Wanda ya kawo irin domin injinsa ya tafi abinsa. Da manomi ya waiwaya neman audugar kakanninsa, wadda ba ta neman taki da feshi sosai, sai ya tarar ta zama abin nema da fitila, mazari kuma ya koma hannun tsofaffi ƙalilan. Shekara hamsin ta isa a shafe irin da aka yi ƙarnoni ana zaɓe. Babu wata doka da aka yi don mayar da shi, kuma ko an yi, doka ba ta tsirar da irin da ya ɓace.

Labarin itacen da Sakkwatawa da Zamfarawa ke kira bedi, wasu darbejiya, wasu dogon yaro ko maina, ya fi daɗin ji. Asalinsa Indiya da Bama ne. Ya shiga Gana a zamanin gwamna Guggisberg, tsakanin 1919 da 1927, ya iso Barno a 1928, daga nan ma'aikatan gandun daji suka bi da shi lardi-lardi. Yau babu makarantar firamare ko kasuwa ko bakin masallaci a Gusau da ba ta da inuwarsa. A ƙarƙashinsa ake zaman makoki, a ƙarƙashinsa mai shayi ke kafa teburinsa. Da reshensa ake asuwaki, ganyensa ake dafawa mai zazzaɓi ya yi surace. A kwarin Majiya na Nijar, layukan bedi da aka fara dasawa a 1975 sun tare iska sun ƙara yabanya. Alhazanmu kan gane shi a filin Arfa su yi murna kamar sun ga ɗan garinsu. Baƙo ne na kirki.

Duk da haka, shi ma ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Jemagu da tsuntsaye na shan 'ya'yansa su zubar da ƙwallon a ko'ina, ya tsiro a gindin tsamiya da ɗorawa da kanya, ya yi musu kishiya. A filayen Akara ya mamaye daji, a arewacin Ostireliya kuma hukuma ta sa shi cikin jerin tsirrai masu ɓarna. Da a ce yau mutanen Zamfara za su taru su ce sun fasa, babu mai iya kwashe shi. Sa'a aka yi ya zo da alheri.

Ba kullum ake yin sa'ar ba. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar Masawa, a bakin Bahar Maliya, ɗauke da ciwon bushiya. Cikin shekara huɗu annobar ta ratso har ƙasar Hausa, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar, Fulani da dama suka wayi gari da sanda kawai. Sai a 2011 aka sanar da kawar da cutar daga duniya. A 2016 tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta ɓullo a Najeriya daga nahiyar Amurka, a shekarar da wata tsutsar ta cinye tumatir a Kano da Kaduna. Babu wanda ya yi niyyar kawo ko ɗaya daga cikinsu. Sun biyo kaya ne.

Akwai kuma misalin yadda ake yi da hankali. Da wani ƙwaro ya addabi rogo a faɗin Afirka, masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka nemo ɗan ƙaramin zanzaron da ke kashe shi a Kudancin Amurka. Sai da aka killace shi aka tabbatar ba zai taɓa wani abu ba, sannan aka sake shi a 1981. Ya ceci abincin miliyoyin mutane.

Masu son shuka rai a wasu duniyoyi suna da amsa ga duk wannan. Sukan ce: a Zamfara akwai mutane da tsirrai da za a cutar, can kuwa fili ne fetal, ba kowa, ba komai. A nan ne tarihin ƙasar nan ya fi yin magana da ƙarfi, domin kalmar “ba kowa” ta sha cin mutane.

Malaman daular Usmaniyya sun ɗauki batun da muhimmanci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa. A fiƙihun Malikiyya wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, ta hanyar haƙa rijiya ko gini ko dashe ko sassabe, ya mallake ta. Amma akwai sharaɗi. In tana kusa da gari sai da izinin shugaba. Kuma hurumin gari, inda ake kiwo da itace, da hurumin rijiya, ba matacciyar ƙasa ba ne ko da ido bai ga shuka a kai ba. Wato kafin a ɗaga gatari sai an bincika ko wurin yana da mai haƙƙi. Al'ada ma haka ta tanada: ba a saran sabon daji sai an je wurin mai gari.

Zamfara ta ga abin da ke biyo bayan watsi da wannan. Dazuzzukan da aka keɓe don kiwo da burtalan da shanu ke bi an yi ta yanka su gonaki, a kan cewa fili ne da ba a amfani da shi. Wanda ya je da rani ba zai ga kowa ba. Masu wurin, wato makiyaya, sun tafi kiwon rani, sai damina su dawo. Rikicin da ya hana mutanen Ruwan Bore da Magami da ƙauyukan Tsafe noma cikin kwanciyar hankali yana da saiwoyi da yawa, amma duk mai gaskiya ya san wannan na cikinsu.

A Maraɗi kuma an ga ɗaya fuskar. Bayan farin shekarun 1970 ƙungiyoyi suka yi ta kashe kuɗi suna dasa itatuwan waje a gonakin da suka ɗauka sun mutu, yawancin dashen yana bushewa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya don rage iskar tayar motarsa saboda yashi, ya duƙa ya dubi wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce. Sai ya ga toho ne daga kututturen itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koma barin reshe biyu ko uku a kan kututturen sabara da kalgo da geza, suna kāre 'ya'yan gawo, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar. Shekaru ana kawo rai daga waje zuwa ƙasar da ranta ke kwance a ƙarƙashin sawun masu dashen.

To wa ya duƙa ya dubi Mars haka? Ramin da ɗan Adam ya taɓa haƙawa a can bai kai kamu ɗaya ba, alhali akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasarta, akwai busassun koguna da tafkuna. A Satumba 2025 hukumar NASA ta sanar cewa motarta Perseverance ta samo wani dutse mai alamun da ka iya zama sawun tsohuwar halitta, ana jiran tabbaci. In akwai wani rai a can, komai ƙanƙantarsa, ƙwayoyin da za a kai daga nan suna iya shafe shi kafin a san da shi, ko su gauraya da shi har a kasa bambancewa.

Masana da yawa sun san haka, shi ya sa suke taka-tsantsan. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta umarci ƙasashe su guji gurɓata sauran duniyoyi. Kafin a harba kumbunan Viking a 1975 sai da aka gasa su fiye da yini guda a zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa. Ranar 15 ga Satumba, 2017, masu tuƙa kumbon Cassini suka jefa shi da gangan cikin duniyar Zuhal ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan watanta Enceladus, mai teku a ƙarƙashin ƙanƙara. A Janairu 2019 gurya ta tsiro a kan Wata, cikin kumbon Chang'e 4 na ƙasar Sin, amma a rufaffen gwangwani, sanyin dare kuma ya kashe ta. Sai dai a Afrilun 2019 kumbon Beresheet na Isra'ila ya tarwatse a kan Wata, daga baya aka ji cewa wata gidauniya mai zaman kanta ta sa dubban wasu ƙananan halittu masu jure ƙishi da sanyi a cikin kayansa, ba tare da duniya ta sani ba. Da wuya su farfaɗo a inda babu ruwa. Abin tsoron shi ne yadda mutane ƙalilan suka yanke wa kowa hukunci.

Niyyar masu son yaɗa rai ba mummuna ba ce. Rai abu ne mai daraja, kuma manomi ya fi kowa sanin daɗin ganin tsiro a inda da babu. Amma masu Allen ma da hujjarsu suka zo, masu yanka burtali ma haka. Hukuncin da tarihin wannan yanki ke goyon baya a fili yake: kada a watsa wata halitta a duniyar da ba a gama bincika ko tana da nata ba, kada kuma kamfani ɗaya ko ƙasa ɗaya ta yanke shawarar da ba a iya warwarewa. Gwaji a rufaffen wuri, kamar kunya biyun nan ta bayan gida, shi ne iyakar abin da ya halatta a yanzu.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar 1967, tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, tana kuma da kujera a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tattauna waɗannan dokoki. Ya kamata wakilanta su yi magana a can da bakin mutanen da aka taɓa yi wa dashe ba da shawararsu ba. Ƙasar nan ma ta riga ta aika da nata saƙon: a Nuwamba 1996 an maƙala ɗan ɓallin dutsen Zagami a jikin kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito, ba tare da ya taɓa ƙasarta ba.